Noben da Ya Ƙi Ƙamshi a Lambun Sarki

An yi wani sarki mai suna Gwanki, wanda tun rasuwar mahaifiyarsa fada ta yi masa faɗi, ga jama'a cike da zaure, amma ba mai kiransa da sunan yarinta. Mahaifiyar 'yar ƙasar duwatsu ce, can arewa, kuma har ta bar duniya ba ta rabuwa da nobe, ciyawar nan mai ƙamshi, a ƙarƙashin matashinta. Kewa ta ishe shi, ya aika can ƙasar duwatsun aka tono masa noben da saiwarsa.

Nomau mai lambu ya karɓe shi karɓar baƙon sarki. Ya zaɓa masa baƙar ƙasar fadama, ya zuba taki, yana ban ruwa safe da yamma sai ka ce albasa. Nobe ya yi kore shar, amma ko an murza shi a hanci ba a jin komai. Sarki ya ce musanya aka yi masa, ya sa aka tsare Nomau, ya ba Waziri kwana bakwai ya warware al'amarin. Waziri, da bai taɓa riƙe fartanya ba, ya buɗe littattafai bai sami jawabi ba, sai ya kawo Tabawa, wata tsohuwa mai sayar da saiwoyi.

Tabawa ta damƙi ƙasar ta matse, ruwa ya ɗigo, ta dubi sarki ta ce:

"Allah ya ja zamaninka, ba ha'inci a nan, alheri ne ya yi yawa. Nobe tsakuwa yake so, da jigawar da ruwa ba ya kwana, da rana mai zafi. A cikin ƙishirwa yake tara ƙamshinsa. Kun ba shi abin da kuke so, ba ku tambayi inda ya fito ba."

Nan take sarki ya tuna baya. Sau uku mahaifiyarsa ta roƙe shi ta je ta ga garinsu, sau uku yana hana ta don tsoron wahalar hanya, yana ƙara mata zannuwa da kuyangi. Baƙin ciki ya kama shi, ga shi ba sauran wanda zai nema wa gafara.

Ya saki Nomau da riga da ban haƙuri, ya ba Tabawa gida da shanu. Masu hikima suka ce, adalci shi ne a ba kowa abin da ya dace da shi, tun yana da rai.