Manomin da Ya Ga Bakunan Ganyen Masara

Akwai wani manomi da yake zaune a wani ƙauye a gindin dutse, yana noman masara tun yana saurayi har furfura ta cika masa kai. Bai yi karatun boko ba, sai ɗan abin da ya koya a ajin manya na ikilisiya, wanda ya ishe shi bin waƙar sujada ran Lahadi. Yana da 'ya, sunanta Keziya, ita ce autarsa.

Yarinyar kuwa Allah ya ba ta kai. Tun tana firamare ba a taɓa shan gabanta a aji ba, haka kuma a sakandare. Saboda haka mutanen ƙauyen suka yanke mata aikin da za ta yi tun ba ta san kanta ba, suka riƙa kiranta Likita. In an tashi daga sujada, tsofaffin mata sukan tare ta a ƙofar majami'a, su nuna mata gwiwoyinsu cikin raha, su ce ta yi sauri ta gama kafin ƙafafun su ƙi tafiya. Ita ma ta saba da sunan, har ta ɗauka nata ne.

Da ta gama sakandare, sai ta sami gurbi a jami'a a birni. Ƙa'idar wurin kuwa ita ce, duk mai son karatun likita sai ya fara cin darussan kimiyya tukuna, ya ci su da kyau, sa'an nan a ba shi hanya ya wuce.

A nan ne Keziya ta gamu da abin da ba ta taɓa gamuwa da shi ba. Ta tarar da ɗalibai cike da babban zaure, kowannensu shi ne na ɗaya a makarantar da ya fito. Malami yakan shigo ya cika allo da rubutu, ya share, ya sake cikawa, ita kuwa tana nan tana kwafar layin farko. Ilimin halittu bai dame ta ba, tana jin daɗinsa. Amma kemistiri, wato ilimin sinadarai, da darasin fizis mai yawan lissafi, suka zame mata kamar bango. Ta yi karatu har idanunta suka yi ja, ta haddace abin da za ta iya haddacewa, amma in ta shiga jarrabawa sai ta ga an juya tambayar ta wata fuska da ba ta sani ba. Shekara ta ƙare, ta faɗi. Aka ba ta dama ta maimaita. Da sakamakon zangon farko na maimaicin ya fito, ga shi kuwa bai fi na bara da wani abin kirki ba.

Sai zuciyarta ta karai. Ta fara cewa a ranta, watakila tun farko ba ta da ƙwaƙwalwa, ƙanƙantar ƙauye ce kawai ta sa aka ga kamar tana da ita. Ta daina zuwa zumuntar ɗalibai, ta daina amsa wayar ƙawayenta na gida, gama kowa ya kira da Likita yake farawa. Addu'a ma ta yi mata nauyi. A ƙarshe ta kira mahaifinta, ta ce ya zo ya taya ta kwashe kayanta, ta gama da makaranta.

Manomin bai yi mata faɗa ba. Lokacin damina ne, masara ta fara nuna. Ya shiga gona da sassafe ya karyo ɗanyar masara da ganyenta, ya cika buhu, ya hau mota ya tafi birni.

Ya same ta ta riga ta ɗaure akwatinta, ta rame, ba ta iya duban fuskarsa. Suka gaisa, ya gaya mata gaisuwar mahaifiyarta da ta 'yan'uwanta, ya sha ruwa. Sa'an nan ya ce mata, “Keziya, zan kai ki gida kamar yadda kika ce. Amma ni in gona ta ƙi ni, nakan je in tsaya a kanta in dube ta kafin in bar ta. Ki nuna mini abin nan da ya fi ƙarfinki.”

Ta buɗe masa littafin kemistiri. Ya dubi zane-zanen da ƙananan haruffan, ya juya shafi ya sake juyawa, ya mayar mata, ya ce shi bai ga kome a ciki ba sai tawada. Ya tambaye ta ko duk wannan rubutu a kan wani abu ne da ido zai iya gani. Sai ta zare ganye ɗaya daga buhun masarar, ta ce ya biyo ta.

Ta kai shi ɗakin gwaje-gwaje, ta roƙi mai kula da ɗakin, ya bar su suka shiga. A kan dogon tebur akwai madubin nan na masana, mai nuna ƙananan abubuwan da ido ba ya iya gani. Keziya ta sa reza ta kankare ganyen a hankali, har ya rage wata fata siririya wadda haske yake ratsawa. Ta shimfiɗa ta a kan ɗan gilashi, ta ɗiga ruwa, ta sa a ƙarƙashin madubin, ta murɗa har ya daidaita. Sa'an nan ta ce wa mahaifinta ya rufe ido ɗaya ya leƙa.

Da fari bai ga kome ba sai haske. Can sai abin ya washe. Ya ga ɗakuna a jere, layi bisa layi, kamar ginin da gwanin magini ya ja wa igiya. A tsakanin ɗakunan kuma ga waɗansu ƙananan abubuwa a jere, kowanne da leɓuna biyu, waɗansu a rufe, waɗansu a ɗan buɗe. Ya ɗaga kai ya dubi guntun ganyen da ya rage a kan tebur, ganyen da ya karyo da hannunsa a safiyar nan, ya sake leƙawa. Ya tambaye ta ko mene ne waɗannan.

Ta ce, “Bakuna ne, Baba. Da su ganye yake shaƙar iska. Yawancinsu sun rufe ne saboda zafin hanya, don kada ruwan jikinsa ya ƙare.”

Ya tambaya ko a wannan ganye kaɗai suke. Ta ce a'a, suna kan kowane ganye a gonarsa, a wurin da bai kai faɗin farce ba ma ba za su ƙirgu da sauƙi ba. Da safe sukan buɗe, in ƙishirwa ta matsa su rufe. Ya tambaya wa yake gaya musu lokaci. Ta bayyana masa yadda leɓunan suke kumbura da ruwa su buɗe, su saki ruwan su rufe. Ya tambaya me ganye yake yi da iskar da ya shaƙa. Ta ce yakan haɗa ta da ruwan da saiwa ta jawo daga ƙasa, ya karɓi ƙarfi daga hasken rana, ya yi zaƙi da su, zaƙin nan ne yake tafiya ya cika ƙwayar masara.

Manomin ya ce, ashe tuwon da suke ci daga iska da ruwa da hasken rana yake fitowa? Ta ce haka ne, da ɗan abin da ƙasa take bayarwa.

Ya yi ta tambaya, tana ba shi amsa. Ta manta da akwatinta, ta jawo takarda tana zana masa, muryarta ta buɗe, hannuwanta suna tafiya. Har suka kai inda ya tambaye ta yadda haske, abin da ba a iya damƙa a hannu, yake komawa abin da ake tauna. Nan ta tsaya. Ta ce wannan shi ne kemistirin, shi ne abin da yake cikin littafin nan, a nan ne take faɗuwa. Ta ce malamansu sun san matakansa da yawa, amma su ma sukan kai wani wuri su ce har yanzu ana bincike.

Sai manomin ya cire hularsa, ya riƙe ta a ƙirji. Hawaye suka riƙa bin gemunsa. Keziya ba ta taɓa ganin mahaifinta yana kuka ba, ko a wurin jana'iza.

Da ya sami murya ya ce, “Duk shekarun nan ina cewa ni nake noma masara. Ashe ni rami kawai nake tonawa in rufe. Kowace safiya ina ratsa gona, bakuna suna buɗewa dama da hagu, ban sani ba.” Ya share fuskarsa, ya ce, “'Yata, da na ɗauka mutane ne suke wahalshe ki. Yanzu na ga aikin hannun Ubangiji kike ƙoƙarin ganewa. Yaya za a yi ya zama da sauƙi?”

Ta ce, “Baba, to, in ban zama likita ba fa?”

Ya ce, “Ni Keziya na raɗa miki.”

Bai tilasta mata ba. Ya ce mota tana tasha, in ta ce su tafi, su tafi. Abu ɗaya kawai ya ƙara, ya ce muryar da ya ji tana yi masa bayani da ita ɗazu, rabonsa da jin ta tun tana ƙarama. Suka koma ɗakin kwananta, ta zauna a kan akwatin ta yi ta tunani. Da la'asar manomin ya hau mota shi kaɗai.

Karatun bai yi sauƙi ba bayan wannan. Amma Keziya ta ajiye kunya. Ta je wurin malamanta ta ce ba ta gane ba, ta zauna tare da ɗaliban da a da take gudu don kada su ga kasawarta, ta koma tushen darussan da ta haddace ba tare da fahimta ba. Ƙarshen shekara ta ci jarrabawa, amma makinta bai kai na shiga karatun likita ba. Ta yi kuka, gama abin ya yi mata zafi ƙwarai. Daga baya ta koma sashen kimiyyar tsirrai, ta kuwa iske kemistiri yana jiranta a can ma, ta ci gaba da fama da shi har ta gama. Ta yi aikinta a wurin binciken cututtukan amfanin gona, manoma da yawa waɗanda ba su taɓa jin sunanta ba suka ci moriyar aikin.

Ma'anar wannan misali, 'yan'uwa, ga ta. Ganyen nan shi ne halittar Allah, wadda muke takawa, muke ci, muke sha, ba mu san zurfinta ba. Keziya kuwa kowane ɗayanku ne da ya zauna gaban darasi mai wuya, ya ji murya a zuciyarsa tana cewa ba ka isa ba, ba a kira ka ga wannan ba.

Na san akwai irin Keziya a cikinku, waɗanda kuka dawo hutu kuna murmushi, amma in an tambaye ku sakamako sai ku canja magana. Ku ji ni da kyau. Wuyar darasi ba shaida ba ce cewa kai wawa ne, ko Allah ya yashe ka. Wanda ya shirya jini a jikin mutum, ya rataye taurari, ya sa bakuna a kan ganye, hikimarsa ba ta da iyaka, kai kuwa ɗan adam ne, kwanan nan ka fara leƙawa. In ka ga kanka ƙarami a gaban aikinsa, daidai ka gani. Abin da ya rage shi ne ka zaɓa, ko ƙanƙantar nan ta sa ka gudu ka ɓuya, ko ta sa ka sunkuyar da kai ka nemi taimako, wurin Ubangiji da wurin mutane.

Kada kuma wani ya ce misalin ya yi alkawari cewa duk wanda ya daure zai sami abin da ya sa a gaba. Keziya ta daure, ba ta zama likita ba. Wani zai daure ya zama, wani kuma zai gane cewa baiwarsa tana wani wuri dabam, ya juya, ba kuwa zunubi ya yi ba. Amma kada kunya ta zaɓa maka, kada tsoron bakin mutane ya zaɓa maka. Ka lura da abin da in kana maganarsa zuciyarka take tashi, ka kai shi gaban Allah cikin addu'a, ka nemi shawarar masu tsoronsa.

Ku iyaye kuma, da mu duka a ikilisiya, mu yi hankali da sunayen da muke ɗora wa yara tun Allah bai nuna nufinsa a kansu ba. Mu muna yi da ƙauna, su kuwa suna ɗauke da shi kamar dutsen niƙa. In ɗanka ya kira ka da karyayyar murya, ka tashi ka je, ka tsaya kusa da shi, ka dubi abin da yake fama da shi kafin ka yi magana.

Yau in an tashi, kowa zai bi ta gefen gona ko gindin itace a hanyarsa ta gida. Ka ɗan tsaya, ka dubi ganye ɗaya. Ba za ka ga bakunan ba, amma suna nan suna aikin da aka sa su, Mahaliccinsu kuwa bai manta da ko ɗaya ba. In haka yake lura da abin da gobe akuya za ta cinye, kai da aka yi cikin kamanninsa, aka kuma fanshe ka da jinin Ɗansa, ba za ka ɓace masa ba don ka faɗi jarrabawa.