Ɓerayen da Suka Shiga Rumbun Simintin Halliru

Akwai wani manomi a wani ƙauye kusa da Roni, ana kiransa Halliru. Abin ya faru ne bayan babban farin nan, lokacin da kuɗin mai suka fara shigowa ƙasa, siminti ya zama abin yayi.

Halliru ya je cin rani Kano, ya yi leburanci wurin magina. Ya dawo da buhunan siminti da rediyo mai batir, kansa kuma ya kumbura har gaisuwa ma sai ya ga dama.

A ƙauyen nasu akwai wata al'ada. In an yi girbi, kowa zai zaɓi zangarniyar geron da ta fi cika ya ajiye don iri, amma ba a tara irin wuri ɗaya. Mutum zai rataye wani a ɗakin girki inda hayaƙi ke dukansa, ya kai wani gidan ɗan'uwa, wani gidan maƙwabci. In gobara ko ɓera ya ci na nan, na can yana nan.

Halliru ya ce wannan aikin mutanen da ne. Ya gina rumbu na bulo, ya yi masa daɓen siminti, ya rufa shi da kwano, ya sa ƙofar ƙarfe. Ya ɗauro wayar rediyonsa daga darbejiyar tsakar gida zuwa kan rufin, don ya riƙa kamo Kaduna tar. Duk wanda ya zo kallo, sai ya buga bangon da tafin hannu ya ce, “Ɓeran da zai shiga nan ba a haife shi ba tukuna.”

Daga nan ya bi gida-gida ya karɓe irinsa. Da ma a nan ya tsaya, da da sauƙi. Sai ya shiga lallashin dangi su kawo nasu. A shekarar kuwa iri ya fi komai daraja, don fari ya sa mutane sun cinye na baya, ɗan abin da aka samu shi ne kaɗai madogara. Kawunsa Sama'ilu, dattijon gidan, shi ya fara kawo nasa. Da aka ga Kawu ya yarda, kowa ya bi.

Mutum ɗaya ce ta ƙi, yayarsa Shatu.

“Adda, ki kawo naki mana. Hayaƙi kawai yake sha a can,” in ji Halliru.

“Bar shi ya sha,” ta ce. “Nawa ne ko naka?”

Ya yi dariya, ya datse ƙofar da kwaɗo, ya bi gefenta ya liƙe da siminti. Ya ce ba mai buɗewa sai ruwan shuka ya sauka.

Ɓeraye kuwa sun ji ƙanshin gero. Suka fara da tona ƙasa, suka ci karo da daɓe. Suka koma gindin ƙofa, suka tarar an liƙe. Kowace safiya Halliru zai ga sabon rami a gefen bango, ya kira mutane su zo su ga inda ɓera ya sha kashi, sannan ya toshe. Ana nan sai ramukan suka daina fitowa. Halliru ya ce sun saduda. Jama'a, ɓera da saduda?

Ranar da aka yi ruwan shuka, da hantsi dangi suka cika gidan, maza da sungumi a kafaɗa, mata da ƙwarya. Halliru ya sa sabuwar riga, ya farfasa simintin, ya buɗe kwaɗo.

Zarni ne ya fara dukan fuskarsa. Ya ja da baya, ya sake leƙawa. Dammunan suna nan a jere yadda ya ajiye su. Ya jawo ɗaya, ya ji shi sakayau kamar tsumma. Soshiya ce zalla, ba ƙwaya ko ɗaya. Ya jawo na biyu, haka. Ya cusa hannu can ƙasa, ya ɗebo ƙaiƙayi da kashin ɓera.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un!” in ji Kawu Sama'ilu. Sungumin ya suɓuce masa.

Sai dammunan suka fara motsi. Ɓeraye suka ɓarke, manya-manya, sun yi ɓul-ɓul. Abin da ya fi ɗaure wa mutane kai, ba su nufi ƙofar da ke buɗe ba. Bango suka hau ta ciki, suka fita ta 'yan kafofin da ke tsakanin lanƙwasar kwano da bulo. Wata mata ta yi ihu tana nuna sama. Ga su nan a kan wayar rediyo, ɗaya bayan ɗaya, suna tafiya a natse suna karkaɗa wutsiya, har suka shige cikin darbejiya. Kana gani ka san tsohuwar hanyarsu ce.

Kowa ya tsaya baki buɗe. Halliru ya bi wayar da ido tun daga rufi har bishiya. Da hannunsa ya ɗaura ta. Duk ranin nan yana zaune a gindin darbejiyar yana sauraron labarai, idonsa na kan ramukan ƙasa, ko sau ɗaya bai ɗaga kai ba. Sai ya zauna daɓas cikin laka da sabuwar rigarsa.

“Halliru,” in ji Kawu, “ƙasa ta jiƙa. Me za mu zuba mata?”

Halliru ya kau da kai. Da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi, amma ba wanda ya zage shi. Wani ma hawaye yake sharewa da hula.

Shatu ta juya ta nufi ɗakin girkinta. Can sai ga ta da zangarniyoyinta baƙi ƙirin da hayaƙi. Ta zauna ta sussuke su a gaban kowa.

Kawu ya ce, “Shatu, ashe kin hango abin nan?”

“Wallahi Kawu ban hango komai ba. Cika bakinsa ne ya ishe ni.”

Ta shiga rabawa da ƙaramin ƙoƙo. Irin mace ɗaya ne, gidaje kuma da yawa, kowa ya samu abin da ba zai rufe ko rabin gonarsa ba. Halliru ya sunkuyar da kai, don ya tabbata ba shi da rabo. Sai ya ji an taɓa kafaɗarsa.

“Tashi ka karɓa,” in ji Shatu. “Yaranka ba su suka gina rumbu ba.”

Ya tara hannu biyu. Abin da ta zuba masa bai cika tafukan ba. A daminar nan kusurwa ɗaya ya shuka a babbar gonarsa ta bakin hanyar Roni, sauran ciyawa ta cinye. Kullum in zai je gonar, sai ya ratsa ta gonakin danginsa, ya ga rabinsu fayau, ya san shi ne sanadi.

Darasi: Kada girman kai ya sa ka raina tsarin da mutane suka daɗe suna tsira da shi, kuma kada ka ja wasu su jingina duk abin da suka mallaka a kan cika bakinka. Wanda ya tabbata ya toshe kowace kafa shi ne ke daina dubawa. Ku tura wa 'yan'uwa da abokai, wataƙila akwai wanda zai ɗaga kai tun da sauran lokaci.