Mahaucin da Ya Rantse Ba Zai Ci Nama Ba

Ƙawata Ladiyo, matso kusa. Yara, a yi shiru. Ga ta nan, ga ta nanku, yau ta dambe ce.

Ta zo mu ji ta, Inna.

Wani mahauci ne wai shi Barau, mai tumbi kamar randa. Ran kasuwa sai ya daki ƙirji gaban mahauta, ya rantse ba zai ƙara cin nama ba sai ya kayar da Bangon Gabas, zakaran damben ƙasar. Sai matarsa Tabawa ta ce, "Maigida, ka taɓa naɗa hannu kuwa?"

Ya ce, "Ke dai dafa wake."

Da kaka ta zo sai ya nemi makaɗi, aka yi masa take mai daɗi. Sai ya shiga fili yana rangaji. Naushi ɗaya, tim! Makaɗin ma bai gama kiran sunan kakansa ba, Bango ya kai shi ƙasa.

Tabawa ta ce, "Sannu jarumi. Ga wakenka."

Kaka ta biyu sai ya je wurin boka, Allah ya tsare mu, ya jero layu har kafaɗa. Naushi ɗaya, tim! Layun suka riga shi isa ƙasa.

Tabawa ta ce, "An samu ci gaba, bana ka faɗi ta gefen inuwa. Ga wakenka."

Sai ƙamshin tsire ya fara sa shi hawaye. Sai ya tafi wurin Kallamu, tsohon ɗan dambe, ya ce, "Baba, Bango nake so."

Kallamu ya ce, "Bar Bango tukuna. Watan nan burinka ka zaga gari a guje ba ka zauna ba."

Ya yi. Kallamu ya ce, "Watan gobe hannun hagu kawai, ka koyi kare fuskarka."

Ya yi. Kallamu ya ce, "Yanzu naushi ɗari a buhun yashi, kullum bayan sallar asuba."

Kaka ta uku, ba kiɗa, ba laya, ba tumbi. Turmin farko Barau ya kare fuskarsa. Turmi na biyu Bango ya same shi a baki, bai faɗi ba. Turmi na uku sai Barau ya sakar masa hannun dama, sai ga Bango a ƙasa.

Sai mahauta suka kawo tsire faranti guda. Barau ya kai baki, ashe haƙoran gaba huɗu suna can fili.

Tabawa ta janye farantin gabanta, ta ce, "Rantsuwa ta cika, maigida. Bari in dama maka kunu."

Ƙurunƙus, sauran na bar wa kan kusu. Yara, buri daki-daki ake hawansa, kuma a kiyayi rantsuwa a kasuwa.

Ke kuma Ladiyo, don Allah kada ki faɗa wa kowa. Kin san baban yaran nan yana da giɓi, kada a ce da shi nake.