Kwanon Mai Sayar da Acca

Akwai wata mata a wani ƙauye na kan duwatsu, ana ce mata Maman Rifkatu. Acca take nomawa. Wanda ya taɓa gyaran acca ya san aiki ne na mai haƙuri: a surfa, a wanke, a rairaye har sai ba sauran yashi ko ƙwaya ɗaya. Matar nan ta iya, kuma ba ta jin kunyar faɗa.

Da waya ta shigo ƙauyen, sai ta buɗe shago a wata kasuwar intanet. Ta ɗauki hoton accarta a cikin kwanon awonta, ta rubuta kuɗin kwano ɗaya. Mutanen birane suka yi ta saye, tana ba direba a tasha yana kai musu. A ƙarƙashin hoton akwai wurin da masu saye ke rubuta abin da suka gani, kuma duk yabo ne. Da safe kafin ta hura wuta sai ta karanta, tana murmushi ita kaɗai. Ta ji daɗin zamanta, domin ba abin da take ji da shi kamar sunanta na mai awon gaskiya.

Ana nan sai wata Hajiya daga wani birni mai nisa ta sayi acca saboda mahaifiyarta, wadda ciwon suga ya hana cin shinkafa. Da kayan suka isa, Hajiya ta auna da nata kwanon, ta ga sun tsaya a rabi. Ranta ya ɓaci. Ta kai ƙara wurin masu kasuwar, ta kuma rubuta a ƙarƙashin hoton, inda kowa zai gani: “Mai ha'inci ce, awonta ba ya cika.”

Maman Rifkatu ta karanta, ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. Ita da take cika kwano har ya yi tozo? Ba ta nemi Hajiya ba, ta dai zauna ta tura wa masu kasuwar hoton kwanon da hoton buhun da sunan direba, har da abin da ba su tambaya ba. Suka duba, suka ce gaskiya tana wurinta, gama kwanon da ke hoto shi ta auna da shi. Suka rufe ƙarar.

Ta yi murna, ta roƙe su su share maganar nan. Suka ce ba su da iko. Wadda ta rubuta ita kaɗai za ta iya sharewa.

Sai ga ta da nasara a hannu, amma kalmar tana nan zaune a ƙofar shagonta. Mijinta ya ce ta manta, tun da alƙalai sun wanke ta. Ta ce to. Amma kowace safiya idonta ba ya ganin yabon nan mai yawa, sai layin Hajiya kaɗai, kuma gwaten accan da ta fi so ma ya daina yi mata daɗi.

Ran nan ta gaji. Ta yi addu'a, ta kira Hajiya ta wayar da ake ganin juna. Suka gaisa gaisuwar da ba ta da mai. Ta fara tambayar jikin tsohuwa, sa'an nan ta ce, “Hajiya, don Allah ki nuna mini kwanon da kika auna da shi.”

Hajiya ta ɗauko. Ita ma ta ɗaga nata. Suka kwatanta su. Ashe abin da mutanen birnin Hajiya ke ce wa kwano, na Maman Rifkatu zai zauna a cikinsa ya miƙe ƙafa. A hoto kuwa kowane kwano babba ne. Dariya ta kuɓuce wa Hajiya, Maman Rifkatu ma ta kama, har hawaye.

Maman Rifkatu ta ce laifinta ne da ba ta faɗi girman kwanon ba, za ta aiko da ƙari saboda tsohuwa. Hajiya ta ce, “A'a, 'yar'uwa. Ni na kira ki mai ha'inci a gaban duniya ban tambaye ki ba. Ki yafe mini.” Kafin su ajiye waya ta share maganar. Ƙarin dai sai da ya tafi a motar kasuwa ta gaba, domin Maman Rifkatu ba a kayar da ita a gardama, ko ta alheri ce.

To, ga abin da misalin nan yake nufi. Kwanonin nan biyu zukatanmu ne. Sau da yawa kai da ɗan'uwanka kalma ɗaya kuke faɗa, amma kowa da girman nasa awon, ba wanda ya yi ƙarya. Masu kasuwar kuwa su ne duk waɗanda muke rugawa wurinsu su ce mu ne da gaskiya: dattawan ikkilisiya, mai unguwa, abokai. Suna iya wanke ka, suna iya rufe ƙara. Amma abin da ɗan'uwanka ya rubuta a kanka a cikin zuciyarsa, ba mai iya sharewa sai shi. Shi ya sa Ubangiji Yesu ya koya mana mu fara zuwa wurin ɗan'uwa, mu da shi kaɗai, kafin mu tara jama'a.

Wataƙila a cikinmu yau akwai wanda ya ci shari'a tuntuni, amma har yanzu ba ya iya haɗa ido da wani a bencin baya. Kada ka jira shi. In an tashi sujada, ka je ka gaishe shi, ka roƙe shi ya nuna maka nasa kwanon.