Ɗan Layin da Torkild Ya Manta

Akwai wani mutum a unguwarmu, nan bakin ruwan Limfjord, sunansa Torkild. Shekara talatin ya yi yana sayar da motoci kafin ya yi ritaya, kuma har yau duk abin da zai saya, tambayarsa ta farko ita ce ƙarfinsa nawa.

Da zaman gida ya ishe shi, sai ya ɗauki sha'awar injin lesa, irin wanda ake ɗorawa a kan tebur, yana zane da yanka a jikin katako da wani siririn haske mai ƙuna.

A tsallaken titi akwai Gunvor, tsohuwar malamar firamare. Ta yi shekara biyar da nata ɗan ƙaramin injin, tana yi wa jikoki kayan wasa, tana yi wa maƙwabta allon suna na ƙofar gida. Da ta ji Torkild zai sayi nasa, ta tare shi a bakin shinge.

"Me za ka riƙa yi da shi?" ta tambaye shi.

"Komai."

"Komai ba aiki ba ne, Torkild. Idan yankan katako mai kauri ne, sayi babba. Idan rubutu ne da ƙananan zane, ƙarami ya ishe ka. Kuma ka fara tunanin ta inda hayaƙi zai fita."

Torkild ya yi dariya. "Gunvor, wannan naki ai fitilar hannu ce aka ɗaura wa ƙarfe. Kafin ya gama rubuta suna, mai sunan ya yi jika."

Ya sayo babba. Sai da maza huɗu suka kama aka shigar da shi gareji. A gaskiya injin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Yana ratsa katako kamar wuƙa a man shanu. Matsalar dai ita ce, daga ranar babu wanda ya isa ya wuce ƙofar garejin ba tare da an yi masa lacca ba.

Gunvor tana da wani kwali cike da guntayen katako. Duk aikin da za ta yi, sai ta fara gwada shi a kan guntu, ta duba, ta gyara, ta sake gwadawa. Torkild yana kiran kwalin nan makabarta. Shi ba ya gwaji. A cewarsa, gwaji na wanda bai yarda da injinsa ba ne.

Ana haka sai bikin cikar shekara ashirin da biyar da auren Aksel da Solvej ya matso. Kamar kullum, mu maƙwabta ne za mu kafa musu ƙofar ganye da furanni a bakin gida, mu rataya allo mai sunayensu, mu tashe su da waƙa da sassafe.

Aksel makanikin jiragen ruwa ne, mutumin da za ka yi tafiyar awa biyu da shi a mota bai ce maka komai ba sai "mun iso". Ita kuwa Solvej, idonta ya yi shekara uku yana ja da baya. Yanzu inuwar mutum kawai take gani, ba ta iya karatu.

Saura kwana huɗu biki, Aksel ya shigo garejin Torkild riƙe da wani tsohon katako a hammata.

"Bencin kwalekwalen babana ne," ya ce. "Kwalekwalen ya ruɓe tuntuni. Wannan kaɗai na ajiye."

A kan bencin nan Solvej take zaune ranar da ya nemi aurenta. Bai iya dogon zance ba, kalma uku ya faɗa mata da harshenmu: Du er sød. Kamar dai ka ce wa mace, ke zuma ce. Ita da kanta tana ba da labarin a wurin shan kofi, tana cewa daga ranar bai sake maimaitawa ba.

"Ba fenti nake so ba," in ji Aksel. "A huda kalmomin nan uku a jikinsa, su yi zurfi. Da yatsa za ta karanta."

"Ka zo inda ya dace," Torkild ya ce. "Da tsallaken titi ka je, sai bikin shekara hamsin za ka karɓa."

Aksel bai yi dariya ba. Ya ajiye katakon a hankali, ya ce, "Babu wani bayan shi," ya fita.

Torkild ya zauna gaban kwamfuta, ya samo wani salon rubutu mai lanƙwasa daga ƙasar waje. Rubutun ya yi kyau, sai dai waɗanda suka ƙirƙire shi ba su san harafinmu na ø ba, wato o mai layi a tsakiya. Da ya danna, sai gurbin ya fito fanko. Ya ce ba komai, ya sa o zalla, da niyyar zana layin da kansa daga baya.

Daidai lokacin surukinsa ya leƙo. Torkild ya tashi ya fara bayanin ƙarfin inji, ya ɗora katakon, ya rufe murfi, ya danna maɓalli don baƙo ya gani da idonsa. Cikin minti biyu aiki ya kammala. Ya ciro katakon, ya goge, ya jingina shi a bango, suka tafi shan kofi.

Sai ana gobe biki, da hantsi, matarsa ta shigo garejin neman igiya. Ta tsaya gaban katakon ta karanta a fili.

"Du er sod." Ta juyo ta dube shi. "Torkild, ka san abin da ka rubuta wa matar mutane? Ke kunkunniya ce."

Haka ne. Idan babu layin nan, kalmar ta tashi daga zuma ta koma baƙin hayaƙin da ke maƙalewa a murhu.

Torkild ya mayar da katakon cikin inji, ya tsaya yana kallonsa. Layi ɗaya ne ya rage, bai kai rabin ɗan yatsa ba. Amma tunda an ɗaga katakon daga inda yake, inji bai san inda harafin yake ba. Idan layin ya kauce kaɗan, zai yanki harafin kusa. Kuma injinsa, ko a mafi ƙarancin ƙarfi, ba ya taɓa katako ya bar shi ba tabo.

Sau uku yana kai yatsa kan maɓalli yana janyewa. Ya yi tunanin zana layin da baƙin biro, sai ya tuna wadda za ta karanta ba da ido za ta karanta ba. Tsoro ya kama shi sosai, irin wanda bai saba ji ba.

Da azahar ya naɗe katakon a tawul, ya tsallaka titi.

Gunvor ta buɗe tawul ɗin a kan teburin kicin, ta sa tabarau, ta karanta. Ba ta yi dariya ba, ko da yake na tabbata ta so.

"Ka gwada a guntu?"

"Kin san amsa."

"Na sani. So nake in ji ta daga bakinka."

"Ban gwada ba."

"To. Fitilar hannun tana ɗaki, zo mu je."

Ta buga sanduna biyu a kan faifan injin suka yi kusurwa, ta tokare katakon a ciki yadda ba zai motsa ba. Ta liƙa salatif na takarda a kan kalmar, ta rage ƙarfin hasken har ya zama salatif ɗin kawai yake ɗan ƙonawa. Ta miƙa wa Torkild koren tabarau na kare ido, ta buɗe taga, ta kunna.

Layin farko ya faɗa gefe. Ta ɓare salatif, ta liƙa sabo, ta matsar kaɗan. Na biyu ya yi sama. Na uku ya karkace fiye da kima. Sai a na biyar ya zauna a tsakiyar harafin.

"Shi ke nan, ki ƙara wuta," in ji Torkild.

"Wuta nawa? Haruffanka suna da zurfi. Idan nawa bai kai su ba, yatsanta zai wuce bai ji ba. Idan ya fi su, za ta ji rami. Kuma wannan katako ya sha ruwan gishiri shekara da shekaru, babu irinsa a kwalina. Dole a gwada a bayansa."

"To a gwada mana."

"Ba nawa ba ne, ba naka ba ne. Kira Aksel ka gaya masa."

Torkild ya ce ai bayan katako ne, bango zai kalla, wa zai gani. Gunvor ta kashe injin, ta ɗora ruwan kofi, ta zauna ta ɗauki saƙarta. Ya yi kusan rabin awa yana zagaye tsakar ɗakin. Daga ƙarshe ya ciro waya.

"Aksel, ni ne. Na yi ɓarna a katakonka." Ya faɗi komai, har da kunkunniyar.



"Gunvor tana nan?" Aksel ya tambaya.

"Tana nan."

"To ta yi."

Ta sa alama a jikin sandunan, ta kifa katakon. Ta ja layi ɗaya a baya, ta rufe ido, ta shafa shi da yatsa, ta juya ta shafa haruffan gaba. Bai kai ba. Ta rage gudu, ta ja wani. Ta sa Torkild shi ma ya rufe ido ya shafa, don a cewarta yatsunta sun tsufa. Mutumin da bai taɓa yin shiru na minti biyar ba ya tsaya ido a rufe yana laluben katako, yana cewa, "Saura kaɗan."

A layi na tara suka yarda su biyun. Ta mayar da katakon cikin kusurwa, ta sake tabbatarwa da salatif, ta ɓare, ta danna. Aikin da suka shafe awa uku suna shiryawa bai ɗauki daƙiƙa goma ba.

Washegari ƙarfe bakwai muka taru a ƙofar gidan, an ɗaga tuta, masu ƙaho biyu suna gaba. Muka yi waƙa har aka buɗe taga, sannan aka buɗe ƙofa. Solvej ta fito riƙe da hannun mijinta.

Aksel ya sauko da katakon daga jikin ƙofar ganyen ya ɗora mata a hannu. Ta shafa gefensa, ta tsaya.

"Wannan ai bencin ne," ta ce.

Ya kama yatsanta ya ɗora a harafin farko. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana motsi. Da ta iso kan ø, yatsan ya zagaya, ya gangara ta cikin layin, ya wuce harafin ƙarshe. Ta rungume katakon a ƙirji. Mu duka mun ga hawayenta, kowa ya sami abin kallo a ƙasa.

Wani daga baya ya ce, "Injin Torkild dai ba wasa." Mutane suka fara tafi. Gunvor tana can gefe tana rarraba takardun waƙa, ba ta ɗago ba.

Sai Solvej ta ce, "Waɗannan fa?" Yatsunta sun sami layukan baya. Ta ƙirga. "Tara ne. Me suke nufi?"

Aksel ya dubi Torkild. Da Torkild ya yi shiru, na san Aksel ba zai tona shi ba, Gunvor ma haka. Amma ya matso gaba, fuskarsa ta yi ja.

"Gwaji ne, Solvej. Na manta layin ø. Jiya da safe abin da ke jikin katakon nan shi ne ke kunkunniya ce. Gunvor ta gyara, da injin da nake yi wa dariya."

Titi ya ɗauki dariya, har masu ƙaho. Solvej ma ta yi murmushi, amma ba ta saki katakon ba. Ta jira hayaniya ta lafa, sannan ta juya wajen da muryarsa ta fito.

"Da ka kawo shi yadda yake, Torkild, da kowa ya yi dariya kamar yanzu ya koma gida. Ni ce zan zauna da shi. Ba na ganin fuskar Aksel idan yana kallona, kuma ka san ba ya magana. Abin da yatsana ya karanta, shi ke nan abin da nake da shi."

Babu wanda ya sake dariya. Torkild ya ce zai goge layukan bayan da takardar yashi. Ta ce kada ya taɓa su.

Muka shiga aka sha kofi da burodi mai zafi. Torkild ya zauna a ƙarshen tebur, kuma ranar ban ji ya ambaci ƙarfin komai ba.

Darasi: Kayan aiki mai ƙarfi ba ya maye gurbin natsuwa. Kafin ka taɓa abin da ba shi da na biyu, gwada a kan abin da za ka iya asara, kuma kada ka raina wanda yake aiki a hankali, domin ranar da ka yi ɓarna ƙofarsa za ka ƙwanƙwasa. Kuskuren da kake gani ƙarami, wani ne zai rayu da shi. Idan ka san mai gaggawar danna maɓalli, a aiki ko a magana, tura masa wannan ya karanta.