Keken Lawwali

Akwai wani mai walda a garin Illela, wajen shekarar 1986, sunansa Halliru. Allah ya ba shi hannu. Ƙarfen da wani ya jefar, shi zai tanƙwara shi ya zama ƙofa ko amalanke. Amma yana da cuta guda: son ya ji an kira sunansa a rediyo.

A lokacin ana yayin katin zaɓe. Za ka sayi kati, ka rubuta sunanka da na waɗanda kake gaisarwa, ka kai gidan waya, sai a karanta a shirin gaishe-gaishe. Halliru ya fara da kati ɗaya a mako. Kafin shekara ta zagayo yana aika ashirin. Har Ƙonni yake tsallakawa ya sayi kan sarki da sefa, don tashoshin Nijar ma su san da shi. Ya raɗa wa kansa suna, Halliru Na-Kowa Mai Walda.

Rediyo ba ta sauka daga kafaɗarsa. Yana tsakiyar aiki zai kashe wuta ya hau murɗa tasha. In an kira shi, sai ya bar rumfa ya zaga kasuwa yana tambaya, "Kun ji ni?" In ba a kira ba, ranar tuwo ba ya shiga. Akwai wani mai zaɓe a Gwadabawa da ake yawan karantawa. Halliru bai taɓa ganinsa ba, amma kullum da shi yake tsere.

A kusurwar rumfar akwai wasu ƙarafa da suka fara tsatsa. Na keken Lawwali ne.

Lawwali abokinsa ne tun suna makarantar allo. Direban babbar mota ne, har ranar da hatsari ya kashe masa ƙafafu. Halliru da bakinsa ya yi masa alkawarin keken guragu, mai taya uku, wanda ake murzawa da hannu. Ya yanka ƙarfe, ya haɗa gindi, daga nan ya ajiye. Wata bakwai ke nan.

Wata rana da bazara, rana tsaka, sai ga Lawwali a bakin rumfa. Ya sa silifa a hannuwa, ya ɗaure gwiwoyi da roba, ya jawo jiki tun daga gida a cikin rairayi mai zafi.

Halliru ya washe baki. "Abokina! Ka ji na gaishe ka jiya a rediyo?"

"Na ji," in ji Lawwali. "Har maƙwabta sunka shigo suna yi min barka."

Ya cire silifan, ya duba tafin hannunsa. Duk sun yi kanta, ɗaya ya tsage.

"Halliru, gaisuwarka ta tafi Kaduna ta dawo ta iske ni. Kai ko, layi biyu ne tsakaninmu. Mi na yi maka?"

Halliru ya buɗe baki zai ba da haƙuri. Daidai lokacin kiɗan buɗe shirin ya tashi, sai hannunsa ya kai kan rediyon ya ƙara murya, tun kafin ya san ya yi. Lawwali ya gani.

"Ji abinka," ya ce. Ya mayar da silifan, ya juya.

An kira Na-Kowa sau biyu a ranar. Halliru yana tsaye yana kallon sawun da abokinsa ya bari a rairayi, bai iya zagawa ko'ina ba.

Da ya koma gida ya miƙa wa matarsa Sakinatu rediyon. "Kulle ta a akwatinki. Ko na roƙe ki, kar ki ba ni."

"Malam, lafiya?"

"Da sauƙi dai. Kulle."

Kwanakin farko sun yi masa wuya. Hannunsa ya riƙa kaiwa kafaɗa yana dawowa wayam. In kiɗan shirin ya taso daga teburin mai shayi, sai ya ji kamar ana jansa da igiya. 'Yan kasuwa suna tsokanarsa, "Na-Kowa, ɗan Gwadabawa ya binne ka!" Ran nan har ya isa ƙofar gidan waya da kati shida a aljihu. Ya daɗe a tsaye, sannan ya dawo rumfa.

Aikin ma bai zo da sauƙi ba, don bai taɓa ƙera irinsa ba. Ya ɗaure ƙafafunsa da tsumma ya hau keken da ya fara haɗawa, don ya ji abin da Lawwali zai ji. A kwanar farko keken ya kife da shi, ya ƙuje gwiwar hannu. Ya warware, ya faɗaɗa baya. Sai siraran tayoyin suka nutse a rairayi. Ya nemo na tsohon babur. Sarƙa ta riƙa zamewa, ya kwana uku yana gyara haƙoranta da magagari.

Sati biyar, bai san yadda suka wuce ba.

Da ya gama, washegari da safe ya tura keken har ƙofar gidan Lawwali. Ba wanda ya yi dogon zance. Lawwali ya kama ƙarfe ya ɗaga kansa ya zauna, ya murza sau ɗaya, ya murza sau biyu. Ya kai ƙarshen layi. Halliru yana jira ya juyo, bai juyo ba.

Azahar ta yi, shiru. Halliru ya leƙa tasha, ya leƙa kasuwa, hankalinsa a tashe, yana tunanin ko birki ya tsinke.

Sai bayan la'asar ga Lawwali, gumi sharkaf, da kifi a ɗaure bayan keke.

"Ina ka shiga? Ka ɗaga min hankali!"

"Ƙauyenmu, Kalmalo," in ji Lawwali, yana haki. "Na tafi gaida Inna. Shekara biyu rabona da ƙofarta ba a kan bayan wani ba." Ya kwance kifin ya miƙa masa. "Ta ce a kawo wa wanda ya mayar mata da ɗa."

Ranar kasuwa ta gaba, wani dattijo daga Araba ya tsaya a bakin rumfa, da ɗiyarsa gurguwa a kan jaki. Halliru ya share mata wuri, ya ɗauko ma'auni.

Darasi: Sunan da ake kira yau, gobe na wani za a kira. Kafin ka sake duba mutum nawa suka yaba maka a waya, tambayi kanka aikin wa ke tsatsa a rumfarka. Ka ajiye, ka je ka gama shi. Ku tura wa 'yan uwa, wataƙila wani yana da Lawwalin da ke jiransa.