Kayan Sallar Hasiya da Ba Su Hau Jirgi Ba

Akwai wani ɗan kasuwa mai suna Babayo, mazaunin Fagge a Kano, da ya shekara huɗu yana zuwa birnin Guangzhou na ƙasar China sarin kayan yara. Wanda ya fara riƙe hannunsa a garin shi ne Alhaji Tankari, wani dattijo ɗan Maraɗi. Shi ya nuna masa manyan kantunan sari na titin Guangyuan, shi ya koya masa kada ya biya ko sisi sai ya juya riga ya duba ɗinkinta ta ciki.

Tankari ko maɓalli zai saya sai an ba shi samfur ya taɓa. Masu shaguna sun gaji da shi, amma ba wanda ya taɓa cusa masa ruɓaɓɓen kaya.

A ƙarshen 2007 garin ya haukace da hannun jari. Ka shiga shago, mai shagon zai bar ka a tsaye yana kallon lambobi a kwamfuta. A nan wani tafinta da ake kira Mista Lau ya ja Babayo gefe, ya ba shi labarin wani ƙaramin kamfanin magani da aka ce ya kusa fitar da rigakafin murar tsuntsaye. Hannun jarinsa guda bai kai kuɗin kofin shayi ba. Baƙo ba ya iya saye da sunansa, sai dai ta asusun Mista Lau.

Babayo ya gwada da ɗan kuɗinsa. Cikin wata biyu ya ninka uku.

To, daga nan kai ya kumbura. Mutumin da jiya yake ɗaukar buhu a kafaɗa daga tashar jirgin ƙasa, yau ya sayi kwat, yana zama a gidan abincin Musulmi na titin Huanshi yana koya wa dattawa kasuwanci. Har cewa yake yawon shaguna aikin waɗanda ba su waye ba ne.

Wata rana Tankari ya tambaye shi, "Ɗana, mi ka saya ne haka?"

"Magani, Baba. Hannun jarin kamfanin magani."

"Ka ga maganin da idonka? Ina samfur?"

Babayo ya yi dariya har da buga tebur. "Baba, wannan ba kamfai ba ne da za a juya a duba ɗinki. Ku dai ku ci gaba da shinshina yadi."

Mutane suka yi dariya. Tankari ya ci gaba da shan shayinsa.

Babayo yana da yaya mai suna Hasiya. Ita ta goya shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, kuma har ya yi gemu ba ta kiransa da wani suna sai Auta. Mijinta ya rasu ya bar mata marayu huɗu da fili guda a bayan gari. Ta sayar da filin, ta kama ɗan shago a kasuwar Kwari, ta damƙa wa ƙaninta sauran kuɗin gaba ɗaya.

Ta ce, "Auta, kayan Sallar yara nake so, 'yan kanti masu kyau. Azumi a watan tara zai kama. Ka tabbata sun iso kafin goman ƙarshe, da su zan buɗe shagon."

Duk ɗan kasuwa ya san lissafin. Jirgin ruwa daga tashar Huangpu yana cin kwana arba'in ko fiye, ga kuma hanyar mota. Kayan da ba su hau jirgi a ƙarshen watan bakwai ba, sun rasa Sallah.

Babayo ya sauka Guangzhou a watan biyar na 2008 da kuɗin marayu a ɗamararsa. Wata biyu cur gare shi kafin lodi. Sai shaiɗan ya raɗa masa cewa zunubi ne kuɗi su kwanta wata biyu ba su haihu ba. Mista Lau kuma ya ƙara masa gishiri: wai gasar Olamfik na tafe a watan takwas, baƙi za su cika ƙasar, dole a sayi rigakafin nan, kuma ba za a bari kasuwa ta faɗi a kunyata ƙasa a gaban duniya ba.

Babayo ya zuba rabin kuɗin Hasiya.

Sati biyu, farashi ya sauka. Ku ji inda wautar take. Shi Babayo da kan ɗan Kwari yake kallon abin. A wurinsa idan kaya ya yi araha lokacin sari ne, ka kwasa ka jibge a sito, ka jira Sallah. Atamfa ba ta guduwa daga sito. Sai ya ɗauka hannun jari ma haka yake, Olamfik kuma ita ce Sallar 'yan China.

Ya zuba sauran rabin, yana murna ya samu araha.

Hasiya takan kira shi daga wurin masu wayar haya. "Auta, an fara haɗa kayan?"

"Ana kai, Yaya. Za ki sha mamaki."

"Ni ba mamaki nake so ba, kaya nake so. Na sa kafinta ya buga kantoci, har fenti an yi."

Ana saura kwana biyar a rufe lodi, Tankari ya tako har masaukin Babayo da rana tsaka, yana haki saboda matakala. Labari ya riga ya kai masa. Abin da Babayo ya zuba ya koma kashi ɗaya cikin uku.

Dattijon ya ce, "Ban zo faɗa ba. Na bar maka gefe guda a kwantenata har ranar Laraba, ba ka biyan komi. Ka saida abin da ya rage yau, gobe mu tai Guangyuan ni da kai, mu sai ma yarinyar nan ko dozin ɗari biyu. Ta buɗe shago da kaɗan ya fi ta buɗe da babu."

Wallahi a nan Allah ya kawo masa mafita har ɗaki. Amma girman kai ya hana. Ya tuna dariyar da ya yi a gidan abinci, ya ga idan ya bi dattijon nan yawon shaguna gobe, shi za a yi wa dariya.

Ya ce, "Baba, kai da kanka ka koya min ɗan kasuwa ba ya karyar da kaya ana gobe Sallah. Ranar takwas ga wata za a buɗe gasa. In farashi ya tashi, a jirgin sama zan aika mata kayan."

"Na koya maka haka a kan kayan da ka taɓa da hannunka."

"Ka bar ni da zamanina, Baba."

Tankari ya miƙe, ya ɗauki hularsa. Ranar Laraba ya jira a wurin lodi har aka kira la'asar, sannan ya ce a rufe. Kwantenar ta tafi Huangpu da gefe guda fayau.

Ranar takwas ga watan takwas aka buɗe gasa, gari ya cika da tutoci. Farashi bai tashi ba. Kwana huɗu bayan nan aka dakatar da cinikin hannun jarin kamfanin kwata-kwata, wai ana bincike. Ba saye, ba sayarwa. Mista Lau ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ma nasa sun nutse, ya buga wa Babayo takarda mai ɗauke da yawan hannun jarinsa, ya daina ɗaukar wayarsa.

Sai a lokacin Babayo ya tuna da samfur. Ya hau tasi ya nemi adireshin kamfanin a bayan gari. Ya tarar da ƙofa da kwaɗo, ciyawa ta kai gwiwa, ta taga kuma ba abin da ake gani sai tebura biyu da kwalaben da ƙura ta rufe. Ya tambayi maigadi ina maganin. Maigadin ya kaɗa hannu ya ce, "Meyo." Kalmar da Babayo ya fi ji a shagunan garin ke nan, ma'anarta babu.

Bizarsa ta ƙare, kuma a shekarar ba a sabuntawa da sauƙi. Tikitin komawa ma Tankarin da ya yi wa dariya ne ya cika masa.

Ya iso Kano ana saura kwana uku Sallah. Kwari ta cika maƙil, iyaye na ta ciniki da yara a hannu. Shago ɗaya ne kawai a layin ba kowa a bakinsa. Hasiya na zaune a ciki kan benci, da azumi a bakinta, sababbin kantoci a bayanta ba ko safa guda.

Ta ce, "Ina kayan?"

Ya durƙusa ya faɗi komai. Ya zaro takardar nan mai rubutun China ya miƙa mata, yana cewa hannun jari miliyan biyu ne, wataƙila wata rana a buɗe ciniki.

Ta karɓa, ta juya gaba, ta juya baya, kamar yadda ake duba ɗinkin riga.

Ta ce, "Ɗan shekara nawa zai sa wannan?"

Ta ninke takardar ta mayar masa. Ba ta zage shi ba, ba ta yi kuka a gabansa ba. Ni da zagin ta yi, da ya fi masa sauƙi.

Ta ce, "Tashi, Alhaji Babayo, kada ka ɓata kwat ɗinka. Allah ya kai ka gida lafiya."

Bayan Sallah ta mayar da shagon. Yanzu ƙosai take soyawa a bakin layinsu, babbar 'yarta ta bar makaranta tana taya ta. Ba a sake buɗe cinikin kamfanin ba. Babayo yakan je gaishe ta duk Juma'a, ta amsa da mutunci, ta sa a kawo masa ruwa kamar kowane baƙo. Tun daga ranar nan ba ta ƙara kiransa Auta ba.

Darasi: Kada ka zuba dukiya a abin da ba ka sani ba don kawai ya yi araha, balle dukiyar amana. Kuma idan wanda ya girme ka ya kawo maka mafita, kada kunyar a yi maka dariya ta sa ka ƙi karɓa. Ku tura wa duk wanda kuka san amanar wani na hannunsa, ko Allah zai sa ya tsaya tun kafin a rufe kwantena.